Gyambon kwanciya: keken da ake murna da shi ma yana cin fata

A sashen da ake farfaɗo da marasa lafiya bayan shanyewar ɓarin jiki, ko raunin laka, ko karayar kwatangwalo, idon kowa na kan hannu da ƙafa. Yau ya motsa yatsa? Ya iya zama da kansa? Ranar da aka ɗora majinyaci a keken guragu, dangi sai murna. Da wuya ka ga wanda ya juya shi ya duba mazaunansa, alhali can ne gyambon kwanciya ke fara ɓarna a ɓoye. A ganina, yawancin irin wannan gyambo sakaci ne ke kawo shi.

Nauyin jiki ne ke danne fata tsakanin ƙashi da katifa, ƙananan jijiyoyin jini su toshe, naman wurin ya fara mutuwa, wani lokaci daga ciki kusa da ƙashi kafin a ga komai a waje. Mai lafiya ba ya kaiwa nan, domin da wuri ya gaji sai ya gyara kwanciya ko da yana barci. Wanda lakarsa ta taɓu ba ya jin gajiyar, ba ya kuma iya juyawa. Rashin ji da rashin motsi su ne manyan abokan gyambon, sauran abubuwa suna taya su ne: fitsari da bayan gida da ke jiƙa fata, ciwon suga, ƙarancin jini, shan taba, tsufa, da rashin abinci mai gina jiki. Har robar iskar numfashi da ke bayan kunne da simintin ɗori suna iya cin fata.

Inda na fi son a tsaya a duba shi ne keken nan. A kwance, nauyi na bazuwa a faɗin baya. A zaune kuwa, yana taruwa a kan ƙasusuwan mazaunai guda biyu. Idan majinyaci ya riƙa zamewa a kujera, fata na manne da mazauni, ƙashi na tafiya gaba, naman tsakani ya yage. Haka ma idan aka ja shi a kan zanin gado maimakon a ɗaga shi. An saba da ƙa'idar juya makwanci duk bayan awa 2, amma mai zaman keke yana bukatar rage nauyi duk minti 15 zuwa 30, ga shi ana barinsa tun safe har azahar don ana ganin ya samu sauƙi.

Ma'aunin gane haɗari ya daɗe. Ma'aikaciyar jinya Doreen Norton ta fitar da nata a Ingila a 1962. Barbara Braden da Nancy Bergstrom suka kawo nasu a Amurka a 1987, mai duba abubuwa 6: ji, laima, zirga-zirga, motsi, abinci, da gogayya. Maki na tashi daga 6 zuwa 23, kuma 18 zuwa ƙasa alamar haɗari ce. Ma'auni ne mai amfani, sai dai cike takarda ranar kwantarwa a jefa ta cikin fayil bai taɓa kare fatar kowa ba. Zazzaɓin kwana biyu ya isa ya sauya makin.

Akwai kuma matsalar da littattafan koyarwa suka daɗe suna tsallakewa. Alamar farko da ake koya wa ma'aikatan jinya ita ce jan da ba ya gushewa idan an danna. A baƙar fata jan nan ba ya fitowa fili. Dole a sa hannu a ji: wurin ya fi kewayensa zafi ko sanyi? Ya yi tauri ko ya kumbura? Launinsa ya ƙara duhu? Idan an gano, kada a murza shi, kada kuma a ɗora mutum a kan matashin nan mai rami kamar zobe, domin yana matse jinin gefen.

Wasu za su ce ma'aikata sun yi kaɗan, kuma gaskiya ne. Amma duba diddige da tsatso da mazaunai bai wuce 'yan mintuna ba, gyambo mai zurfi kuwa yana mayar da mutum gado na makonni ko watanni, a dakatar da gashin ƙashi da motsa jiki, ƙarfin da aka tara ya zube. Mai gashin ƙashi ya fi kowa ganin majinyaci yana motsi, don haka duba fata ya shiga aikinsa na kullum. Shi ma majinyacin da hannunsa ke aiki a ba shi madubi mai dogon mariƙi, a koya masa duba bayansa safe da yamma kafin a sallame shi.