Kafin a miƙa wa tsohon tauraro ƙungiya, a duba hanyar da Keshi ya bi

Duk lokacin da aka sallami kocin Super Eagles, zancen da ake yi a gidajen kallon ƙwallo na Agege da Idi-Araba ɗaya ne: a ba tsohon ɗan wasanmu, ai ya san ƙwallo. Hujjar da ake kafawa kuwa ba ta wuce Stephen Keshi. Ina ganin ana ɗaukar ƙarshen labarinsa ne kawai, a bar tsakiyar, alhali a tsakiyar amfanin yake.

An haifi Keshi a Azare a 1962, amma Legas ce ta raine shi. Ya yi makarantar St. Finbarr's da ke Akoka, ya buga wa ƙungiyar ACB ta Legas, ya wuce New Nigerian Bank a Benin, daga nan Abidjan, sai Lokeren da Anderlecht a Beljiyam da Strasbourg a Faransa. Shi ne kyaftin lokacin da Najeriya ta ɗauki kofin Afirka a Tunisiya a 1994.

Daga wannan kofin zuwa wanda ya ci yana koci a 2013, shekara 19 ce. A cikinsu ya zauna a benci yana mataimakin kocin Najeriya Shu'aibu Amodu, aka sallame su tare bayan gasar kofin Afirka ta 2002 a Mali. Ya karɓi Togo a 2004, ya kai ta gasar cin kofin duniya ta 2006 karo na farko a tarihinta, aka cire shi kafin gasar aka ba Otto Pfister. Ya riƙe Mali daga 2008 zuwa 2010, can ma sallama ce. Sai a 2011 aka damƙa masa Najeriya. Wanda ya sha wannan gwagwarmayar shi ne ya iya dakewa ya tafi gasar 2013 a Afirka ta Kudu da 'yan wasan gida shida, ana ta sukarsa, har ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, ya zura wa Burkina Faso ƙwallon da ta kawo kofi.

Abin da masu kallo ba su cika lura da shi ba, buga ƙwallo da koyar da ita sana'o'i biyu ne. Gwanin ɗan wasa ƙafarsa ce ke tunani, bai taɓa buƙatar bayyana dalilin da ya sa ya juya hagu ba. Ranar da ya zama koci, sai ka gan shi ya karɓe ƙwallo daga yaro ya nuna da kansa, ya ce "haka ake yi", yaron ya kasa, shi kuma ya hasala. Aikin koci shi ne ya rarraba motsin: ɗaga kai kafin ƙwallo ta iso, inda za a dasa ƙafar tsayuwa, taɓawar farko ta nufi ina.

Haka tsarin mako. Idan wasa ranar Lahadi ne, Litinin ta hutu ce ko sassarfa, domin jiki na buƙatar kamar awa 48 ya dawo daidai. Aiki mai nauyi Laraba, Alhamis dabarun tsayuwa, Juma'a bugun kwana da bugun tazara, Asabar ɗan motsa jiki da bai kai awa ɗaya ba. Sabon koci da ke son a ce yana da zafi yakan sa yara gudun zagaye fili ana gobe wasa, sai cinya ta riƙe musu a minti na 60, ya ce ragwaye ne. A Legas ma akwai ƙari. Yaron da ya taso daga Mile 12 ya sha awa biyu a motar haya ta danfo, wataƙila ko karin kumallo bai yi ba, filin kuma na haya ne da awa. Kocin da bai rubuta atisayensa a takarda tun daga gida ba, rabin lokacin zai tafi wajen jera mazugi da raba riguna.

Wurin koyon wannan yana nan kusa. Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, NIS, tana cikin babban filin wasa na Surulere, lasisin koci na CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, kuma hawa-hawa ne, daga D zuwa C, B, A har Pro. Tsohon ɗan wasan Super Eagles Emmanuel Amunike ya fara koyarwa da yara, ya ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, sannan ya kai Tanzaniya gasar Afirka ta 2019.

Amma a faɗi gaskiya, takarda da ƙwarewa ba sa tsare koci daga rikon sakainar kashi. Finidi George ya ci gasar lig da Enyimba a 2023, aka naɗa shi kocin Super Eagles a Afrilun 2024, ya ajiye aiki a Yuni. Sunday Oliseh bai cika shekara ba. Keshi kansa ya sha kukan albashin da ba a biya ba. Saboda haka abin da nake nema daga masu ƙungiyoyi a Legas biyu ne: su tura tsofaffin 'yan wasansu kwas, su fara ba su 'yan ƙasa da shekara 15 na kaka biyu a ƙalla, in an ɗaga su kuma a rubuta kwantiragi, a biya su a kan lokaci.