Ranar da babbar riga ta cinye min kuɗin mota

Ni dai har na girma, rigar ƙwallo da wandon jins da silifas su ne adona. Juma'a kuwa jallabiya ɗaya ce nake zurawa. Ƙanwata ce ta ɓata min lissafi. Ta ga hoton da muka ɗauka da abokaina a wani biki, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yaya, kai ne ka kawo musu janareto?"

A daren na fara bin hotunan 'yan kwalisa a Instagram. Kafin mako biyu na zama malami. Na san shadda Getzner daga Ostiriya ake kawo ta, na san aska takwas sunan aikin riga ne ba kayan wanzami ba, na san hula zanna bukar da hannu ake ɗinka ta. Ga ɗaurin auren abokina ya matso, na ce to, ranar za a san da ni.

Na shiga Kantin Kwari ina taƙama, na tambayi Getzner da ƙarfi don maƙwabtan shago su ji. Da mai shago ya faɗi kuɗin yadi ɗaya, sai na ce masa dama wani ne ya aiko ni tambaya. Bawan Allah ya gano ni, bai tona min asiri ba. Ya jawo wata fara sol ya ce, "Wannan ƙanwarta ce, daga nesa ba mai rabe su." Na yanki yadi goma: babbar riga, 'yar ciki da wando.

Tela ya ce in dawo Laraba. Larabar tela kuwa ba ta cikin kalanda, sai ana jibi biki na karɓo. Mai wanki ya tambaye ni, "Sitati kaɗan ko da yawa?" Na ce ya zuba, kada ya ji tausayi. Ya kuwa zuba. Da asuba Umma ta leƙo ɗakina, ta ga rigar a tsaye jikin bango, ta yi mata sallama.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne, sa babbar riga sana'a ce mai zaman kanta. Dattijo zai ɗaga hannun riga ya aza a kafaɗa yana ta hirarsa, ko kallo bai yi ba. Ni in na ɗaga dama, hagu ta zubo, in na kama hagu, hula ta rufto min ido, don ban san hula ma lamba gare ta ba. A adaidaita sahu rigar ta cinye wurin mutum biyu, direba ya ce sai dai in biya nata. Na biya. Saura naira dubu ɗaya cif a aljihuna, kuɗin komawa gida.

Ina sauka a ƙofar masallaci wani maroƙi ya hango ni. "Ga Alhaji! Giwa ta iso! Farin wata sha kallo!" Na waiga in ga Alhajin, ashe ni ne. Gaskiya abin ya yi min daɗi. Na rage sauri, na fara tafiyar ƙasaita, ina ɗaga wa mutanen da ban sani ba hannu. Ango kansa bai samu kirarin da na samu ba.

Sai kirari ya ƙare, hannu ya miƙo. Jama'a sun zuba min ido. Na zura hannu a aljihun gaban rigar, wanda zai iya ɗaukar ɗan akuya, na yi ta lalube har gwiwar hannu, na fito da dubun nan ita kaɗai. Ya karɓa, ya ɗaga ta sama ya ce, "Jama'a ku shaida! Alhaji ya ce wannan na shan ruwa ne, na cefane sai an shafa fatiha!"

Ana shafa fatiha na bi ta ƙofar baya, ko dabino ban tsaya karɓa ba.

Da ƙafa na dawo, cikin ranar Kano ta azahar, sabon takalmi sau ciki yana cin dunduniyata. Gumi ya narkar da sitatin, riga ta langaɓe ta manne min a baya. Almajirai uku suka raka ni har kan titinmu suna "Alhaji a taimaka," ni kuwa ina ji kamar in roƙe su rancen ɗari biyu. Wani ɗan unguwarmu ya wuce a babur ya ce, "Ranka ya daɗe, motsa jiki ake yi?"

Na shiga gida takalmi a hannu, hula a hammata. Ƙanwata tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa ta ce, "Wallahi Yaya ka yi kyau. A ina ka faka motar?"