A buɗe wa ɗan Fiziks ƙofar karatun injiniya

A gida Najeriya, yaro ɗan shekara 17 yake yanke wa rayuwarsa hukunci ranar da ya cike fom ɗin JAMB. Idan ya nemi karatun injiniya a ABU ko BUK makinsa bai kai ba, sai a tura shi Fiziks ko Lissafi, a ce ya gode wa Allah da ma ya samu gurbi. Sauya kwas yana nan a takarda, amma guraben ba su da yawa. Da yawa sai dai su haƙura, ko su sake zana JAMB, shekara ta tafi a banza.

A nan Amurka inda nake zaune, abin ya sha bamban. A Jami'ar Purdue da ke jihar Indiyana, ɗaliban injiniya suna fara shekarar farko tare, daga baya kowa ya nemi ɓangarensa, lantarki ne ko kanikanci ko gine-gine. Wanda ya fara wani fanni dabam shi ma yana iya neman shigowa, muddin ya ci darussan lissafi da kimiyya da makin da aka gindaya. Ba kyauta ba ne fa. Darussan a sarƙe suke, sai ka ci wannan a bar ka ka shiga wancan, don haka wanda ya makara yakan ƙara zango ko shekara a kan huɗun da aka tsara, kuma kuɗin makaranta a nan ba wasa ba. Duk da haka, waɗanda na gani sun sauya sun fi ƙwazo, domin sun ɗanɗana wuyar lissafin tukuna suka ce sun ji sun gani.

Abin da ke ci mini rai shi ne, a ajin farko na jami'o'inmu ɗan Fiziks da ɗan injiniya kusan darussa ɗaya suke ɗauka: lissafi, fiziks, kemistiri. Muna kuma karɓar mai difloma kai tsaye zuwa aji biyu na karatun injiniya mai shekara biyar. To, me ya hana wanda ya yi fice a cikin jami'ar kanta? Sakamakon shekara guda a aji ya fi jarrabawar awa biyu a gaban kwamfuta nuna wanda zai iya.

A ware gurabe a aji biyu, a bayyana yawansu da makin da ake nema tun ranar rajista, a kuma liƙa sunayen waɗanda suka samu a allon sanarwa kowa ya gani.