Gagarau a Ɗakin Allura

LIKITA: Malam Gagarau, naɗe hannun riga. Katinka ya nuna ba a taɓa yi maka rigakafin ƙyanda ba.

GAGARAU: Likita, ni rakiyar uwargida na zo. Ni da ko mura sai ta yi sallama kafin ta tunkare ni, me zan yi da allura? Kuma lafiyata ƙalau.

LIKITA: Ai mai lafiya ake yi wa. Idan cuta ta riga ta kwantar da mutum, sai a koma neman magani.

GAGARAU: To me ke cikin kwalbar nan?

LIKITA: Ƙwayar cutar ƙyanda ce, amma an raunana ta.

GAGARAU: Uwargida, ɗauko takalmana! Mun zo wajen mai magani, ashe rabon cuta yake yi.

UWARGIDA: Maigida, zauna. Ba kai ne kake cewa zaki ma sai ya kauce maka ba?

GAGARAU: Zaki ana ganinsa. Wannan fa?

LIKITA: Shi ya sa. Kamar a nuna wa masu gadi hoton ɓarawo ne tun bai zo ba. Fararen ƙwayoyin jininka za su ci karo da raunanniyar, su ƙera makaman da suka dace da ita, wasu daga cikinsu kuma su riƙe kamanninta shekara da shekaru. Ranar da ta gaske ta shigo, kafin ta yaɗu an gama da ita.

GAGARAU: Nawa masu gadin ba sa bukatar hoto. Duk wanda suka gani duka ne.

LIKITA: Baƙuwar cuta sai jiki ya yi kwanaki kafin ya gane ta, ita kuwa ba ta jira. Mai ƙyanda ɗaya yana iya shafa wa mutum 12 zuwa 18 a cikin waɗanda ba su da kariya. Ko ya bar ɗaki, ƙwayar tana iya zama a iska har awa biyu.

GAGARAU: To ya aka yi ban taɓa kamuwa ba? Ka ga ƙarfin jini!

UWARGIDA: Ƙarfin jinin maƙwabta dai.

LIKITA: Ta faɗi gaskiya. Idan kusan 95 cikin 100 na jama'a sun yi rigakafi, ƙyanda ba ta samun hanyar wucewa. Da haka ake kare jariran da ba su isa a yi musu ba, da marasa lafiyar da jikinsu ba zai ɗauka ba. Kai kuma ka laɓe a bayan jarirai.

GAGARAU: Laɓewa? Ni? Gadin baya nake yi musu.

LIKITA: Ka taɓa ganin mai agana?

GAGARAU: Ina! Ta ji labarina ta gudu.

LIKITA: Labarin Edward Jenner ta ji. A 1796, a Ingila, ya gwada kare yaro ɗan shekara takwas da aganar shanu. Aka yi ta rigakafi har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a 1980 cewa agana ta ƙare a doron ƙasa.

GAGARAU: Ɗan shekara takwas ai bai san ciwon kansa ba. Likita, ba ka da irin wadda ake ɗigawa a baki?

LIKITA: Ta shan inna ce, ta ƙananan yara.

GAGARAU: Ai ni ma girman jiki ne kawai. Wayyo Allah! Ya kashe ni! Uwargida, ki yafe mini bashin da kike bi na!

LIKITA: Auduga ce, Malam. Goge wurin nake yi.

GAGARAU: Na sani. Gwada ka nake yi.

LIKITA: To yanzu an gama. Wurin zai iya yin tsami, wataƙila da ɗan zazzaɓi nan da mako guda ko fiye, jiki ne ke aikinsa. Kariyar tana kankama bayan mako biyu zuwa uku.

GAGARAU: Ka gani ko, uwargida? Ko gezau ban yi ba.

LIKITA: Madalla. Sai ka dawo bayan mako huɗu a yi ta biyu.

GAGARAU: Bayan mako huɗu ina da tafiya.

UWARGIDA: Zuwa ina?

GAGARAU: Kafin lokacin zan samu.