Randa a cikin randa: daga ina ƙirƙira take fitowa?

Da zarar an kawo zancen ƙirƙira sai ka ji an ce, "Ai baiwa ce," shi ke nan an rufe magana. Akwai baiwa, ban musa ba. Amma a ganina mun mai da wannan kalma inuwar da muke fakewa don kada a tambaye mu me muka yi wa basirar 'ya'yanmu.

A dubi marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse. A shekarun 1990 ya lura da yadda tumatir da yalo da alayyafo ke ruɓewa a ƙauyukan da babu lantarki balle firji, har 'yan mata kan wuni a talla don kada a yi asara, makaranta kuwa ta wuce su. Sai ya zura ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da tsumma mai laima. Ruwan na tsattsafowa ta jikin tukunyar waje, busasshiyar iska na kwashe shi tare da zafin da ke ciki. Yalon da ke yaushi cikin kwana 3 sai ga shi yana kai wa kwana 27. A 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex, wadda kamfanin agogo na Rolex ke bai wa masu ƙirƙira.

To, mene ne sabo a nan? Babu tsohuwar da ba ta san sanyin ruwan randa ba. Shi dai ya tashi a gidan magina tukwane, hannunsa ya san yumɓu, ya kuma yi karatun da ya nuna masa dalilin sanyin. Sannan halin da mutanensa ke ciki ya dame shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mun raba waɗannan abubuwa. Ɗan boko na jin kunyar maƙerar mahaifinsa. Yaron da ya kwance rediyo don ya ga cikinta sai a kira shi maɓarnaci, wanda ya cika tambaya a aji a ce masa fitsararre, alhali da bakinmu muke cewa matambayi ba ya ɓata. Hadda kawai muke sakawa da maki.

Da malamin firamare zai kai ɗalibansa marinar Ƙofar Mata da ke Kano ko rumfar maƙera sau ɗaya a zango, su tambayi me ya sa baba ke rina tufafi shuɗi, su dawo su gwada, su ɓata, su sake gwadawa, da ko sisi gwamnati ba ta kashe ba.