AI ya taimaka mana amma sai an sa ido

Wallahi labarin da ake bayarwa cewa ƙananan kamfanonin hulɗa da jama'a da yawa sun koma ba AI, wato ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta, rubutun sanarwar manema labarai gaskiya ne, ni ma a irin wannan ofishin nake, mu uku ne kacal. Tunda ChatGPT, wani AI mai yin rubutu, ya fito ƙarshen 2022 aikin da ke cin min awa biyu yanzu minti ashirin na gama. Amma fa ran nan ya ƙirƙiro maganar da mai kamfanin da muke wa aiki bai taɓa faɗa ba, ya jingina masa da sunansa, Allah ya sa na duba kafin in tura wa 'yan jarida ta WhatsApp, gabana sai da ya faɗi. Hausar ChatGPT ɗin kuwa sai a hankali, dole in sake rubutawa da kaina.