Zari-ruga: Zariya na da yaran, masu koyarwa ne babu

A watan Maris na 2024, a gasar wasannin Afirka da aka yi a Accra, Uganda ta kwashe zinare biyu a zari-ruga (rugby) ta 'yan bakwai-bakwai, na maza da na mata. A ɓangaren maza Kenya ce ta biyu, Burkina Faso ta uku. Ta ukun nan ce ta fi tsaya mini a rai, domin Burkina ba ta fi Najeriya kuɗi ba, ba ta fi mu yawan matasa ba.

Ra'ayina shi ne wannan wasa ya dace da Zariya, kuma a makarantu ya kamata a dasa shi. 'Yan wasa bakwai ne kowane ɓangare, minti bakwai a tafi hutu, minti bakwai a tashi. Ana gudu da ƙwallo a hannu, ba a miƙa ta gaba sai baya ko gefe, wanda ya dangwara ta bayan layin abokan hamayya ya ci maki biyar. Ƙwallo ɗaya da filin makaranta sun isa a fara. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon langa da yamma ya ga yadda yaro ke kauce wa mai tare shi, ya bangaje wani da kafaɗa, ya kai sha. Rabin abin da kocin zari-ruga ke nema ke nan, yaranmu kuwa da shi suka tashi.

Fiji ba ta kai mutum miliyan ɗaya ba, amma da wannan wasa ta ci lambarta ta farko a Olamfik, zinare, a Rio a 2016, ta kuma maimaita a Tokyo. Maro Itoje, kyaftin ɗin Ingila, iyayensa 'yan Najeriya ne. Can ya tarar da makarantar da ta koya masa.

Iyaye za su ce karaya fa? Gaskiyarsu. Filayenmu da rani kamar daɓe suke, kayar da yaro a kansu ganganci ne. Shi ya sa ƙanana za su fara da nau'in da ba a kayarwa, taɓawa kawai ake yi, sai sun ƙware a koya musu kamun ƙugu a filin da ke da ciyawa, da koci a tsaye. 'Yan mata ma wannan nau'in zai ba su damar shiga cikin sutura.

Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga kwalejojin Barewa da Alhudahuda, ga tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ta zama jami'a mai yaye malamai, ba zai rasa inda za a horar da malaman motsa jiki ba. Kulob ɗin Barewa na Kano ya daɗe yana buga wasan, masu koyarwa ba su da nisa. Ya kamata hukumar wasanni ta Jihar Kaduna ta gayyato su lokacin hutun dogon zango, ta kuma sa kofi tsakanin sakandaren birni da Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru.